Na sa wa kwamfutar abokina suna Gurgu, yanzu 'yarsa ce ke zama a gabanta

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne a Zongon Kwatano, lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba, amma na tsufa ina kula da kwamfutocin wani gidan shigo da kaya a Ganhi.

Manhajar da muke duba na'urori da ita, da lamba take jera su, doguwa mai haɗe da haruffa, ba mai iya riƙewa. Shi ya sa tun farko na bi kowace na sa mata sunan da ido zai gane. Laifina shi ne da ƙuruciya na yi aikin. Ta mai yawan gyangyaɗi na rubuta Barci, ta wani Tumbi, ta abokina Malam Idi, wanda babur ya karya wa ƙafa, na rubuta Gurgu. Ni kaɗai ke ganin allon, ina dariyata. Ya rasu bai sani ba, ni na shiga kabarinsa na karɓe shi, kuma ban goge ba.

Bana aka ɗauki 'yarsa Rabi aiki, aka ba ta teburin ubanta. Sabon injiniya ya buɗe tsarin yadda duk mai neman gyara zai ga sunan na'urarsa. Ta zo birona, wato ofishina, ta ce Baba, wane ne Gurgu? Na ce mata tsohon suna ne kawai, ta dube ni ta fita. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Injiniya ya ce a share duka, manhaja ta riƙa haɗa suna da kanta, irin na'ura da bene da lamba, wai nawa shirmen tsofaffi ne. Mai gida ya goya masa baya, ya ce in yi shiru a share, magana ta mutu. Na ce zagin kam a share, na ɗauki laifinsa, amma mutum ba lamba ba ne. Ranar da injiniyan ya gwada lambobinsa, kwamfutar sakatariya ya kashe a madadin ta sito, ni ban taɓa yin haka ba. Na ce wannan ɗaya dai, ta teburin Rabi, Malam Idi za a rubuta mata, in ba haka ba su nemi wani.

To amma in na rubuta sunansa a gurbin Gurgu, na amsa wa Rabi tambayarta ke nan. Matata ta ce in bar lamba ta rufa mini asiri. Ni ba na son rufin asirin da zai shafe Idi sau biyu.

Ran Litinin za a canza. In je gidansu a Avotrou in faɗa mata da bakina gaban mahaifiyarta, ko in bar allo ya faɗa mata? Ku gaya mini gaskiya, ko zagi ne zan ɗauka, ni na fara.