Sawun barewa a gonar arewa

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban, Babban Mutum

Alhamdu lillahi, 'yata Hadiza ta sauka lafiya da asuba. Mace ce, na yi sabuwar amarya! Yini guda bakina bai rufu ba.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da hantsi na je nemo itacen wankan jego a gonar arewa, wadda muka daina yi wa sassabe muka bar kalgo da sabara suka tashi. Zabin daji da zomaye sun dawo tun bara. Yau a gindin aduwa na ga sawun barewa, babba da ƙarami.

Rabona da wannan sawu tun ina saurayi. Ni na harbe barewa ta ƙarshe a dajin nan, ban san tana shayarwa ba. Kwana uku ɗanta yana kuka a bayan gari, sannan ya yi shiru. Ɗazu da jaririya ta tsanyara, kukan nan na ji.

Ina tsugune sai ga Tanko mafarauci da karnukansa.

"Angon jika, me ka tsinta? Naman suna ne?"

"Akuyar gida ce ta ɓata," na ce, ina murje sawun da takalmi.

Ya yi dariya. "Akuya da siririyar ƙafa haka?" Ya wuce, amma ƙaramin karen ya tsaya yana shinshina.

Astagfirullah, na yi ƙarya. Gobe zan riga Tanko fita, in share sauran sawun da reshen sabara. Hancin karen nan ne ban san yadda zan yi da shi ba.