Ni Aka Ba Riƙon Mijina, Ni Kuma Na Fi Shi Son Tafiya

Gure, 1971

Inna Zuwaira, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. A makarantar yaƙi da jahilci na koyi rubutu, in na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Mijina Abarshi mushe ne, wato malamin boko, a lakwal, makarantar garinmu. Yana jin Faransanci da Barbarci, ya kuma yi karatun Larabci wurin mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Shekarar da ta wuce wani Bature dattijo ya sauka Gure. Malami ne a wata jami'ar Kiristoci da ke hayin teku, ya zo ganin yadda makiyaya ke shayar da dabbobi a rijiya, wai haka aka yi zama a zamanin Annabi Ibrahim. Abarshi ya yi masa tafinta har garin Kelle. Ashe jami'ar tasu tana da gidan karatu a Birnin Kudus, inda ɗalibansu ke zuwa su karanta Attaura da Linjila, su koyi harsuna da tarihin ƙasar, su taka wuraren da ƙafarsu. Da hutun damina ya zo, suka ɗauki Abarshi zuwa can.

Ya dawo lafiya, sallarsa ba ta ragu ba, kada ki yi zaton wani abu. Sai dai in la'asar ta yi muna lambunmu a kwari, ƙarƙashin dabino, ya kan jingine guga ya soma ba ni labari. Ya ce garin duk na dutse ne, in rana ta karkata sai ya koma kalar zuma. Ya ce daga rufin gidan karatun ana hango ƙubba mai ƙyalli, kiran salla na tashi nan, ƙararrawar coci na amsawa can. Akwai itatuwan zaitun da suka girmi kakannin kakanninmu, akwai inabi da ke leƙowa ta kan ƙofa har ya taɓa hular mutum. Akwai wani ruwa mai gishiri wanda in ka kwanta a kansa ba ka nutsewa, bakinsa fari fat kamar kanwar kwarinmu. Ɗaliban kuwa, maza da mata, su kan durƙusa cikin rana suna share ƙasa a hankali don su tono tsingaron mutanen da. Shi kuma ya je har kabarin Annabi Ibrahim, ya tsaya ya yi addu'a. Wata Balarabiya mai yi musu burodi kuma ta tambaye shi don me ya bar matarsa a gida.

Yanzu sun aiko suna son ya koma shekara biyu, ya yi karatu, yana kuma bayyana wa ɗalibai zaman makiyaya. Sun ce akwai ɗaki na iyali, ya zo da ni da 'yarmu Hawa.

Surukata Ya Kaka ta ce a'a. Tana ƙarama mahaifinta ya tashi aikin hajji da ƙafa, ta raka shi bakin gari, har yau ba a san inda ya kwanta ba. Wurinta duk wanda ya fuskanci gabas ya tafi ke nan. Tana kuma tsoron a ce ɗanta ya bi Nasara, a sanya jikarta cikin coci. Ta kira ni ɗakinta, ta riƙe hannuna biyu, ta ce ni kaɗai ce zan iya riƙe mata shi, don maganata yake ji. Ban ce na yarda ba, amma na sunkuyar da kai, ita kuwa ta ɗauka alkawari ne. Har ta gaya wa maƙwabta Allah ya ba ta suruka mai hankali. Shi kuma Abarshi ya ce ba zai matsa mini ba, in ban so ba an bar zancen. Yana ganin ina yin shiru in ya yi labarin, yana zaton ƙi nake yi.

Inna, ba ƙi ba ne. Na fi shi son tafiyar nan. Ban taɓa wuce Damagaram ba, amma na san titunan garin can kamar na taɓa zama. Ina daka sai in ga kaina ina hawa matakalan dutse, Hawa a bayana, ƙanshin burodi na bin mu. Ina jan ruwa sai tuddan yashin da ke kewaye da kwari su zama duwatsu masu zaitun, har guga ya cika ya zube ban sani ba. Ran nan tuwo ya kama a tukunya ina tsaye a kansa, ina can cikin masallacin Kudus ina ta neman inda mata ke salla. Wani lokaci na kan ga ni ma an ba ni kujera a bayan ɗaliban, ina jin abin da littafinsu ya ce a kan Nana Hajara da ɗanta a cikin daji. Sai in yi istigfari, don ban sani ba ko son jin nan laifi ne.

In na ce mu tafi, na karya zuciyar tsohuwar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. In na ce mu zauna, na yi wa mijina ƙarya, na rufe masa ƙofa da hannuna, ni ma na rufe wa kaina. Mutanen jami'ar suna jiran amsa kafin a girbe gero. Yaya zan yi?

Taki,
Mai Lambu a Kwari

AMSA

'Yata Mai Lambu, rubutunki ya fita sarai, na kuma ji ki. Son ganin ƙasar annabawa ba laifi ba ne, kada ki ƙara tuhumar kanki a kansa. Abin da ya kamata ki gyara shi ne shirun nan. Mutum biyu da ke ƙaunarki kowa ya fassara shi yadda ya ga dama, kuma duk sun yi kuskure.

Fara da mijinki. Gaya masa kina so, yadda kika gaya mini. Sannan ki ce ya ba ki sauran labarin, don na lura zuma kaɗai ya kawo miki. Ƙasar nan ba a daɗe da yaƙi a cikinta ba, akwai soja a tituna, akwai sanyin da ba ki taɓa ji ba. Yana aji, ke kina ɗaki da yarinya cikin mutanen da ba ki jin harshensu. Ya faɗa miki ranakun da ya yi kewar gida. In kin ji wannan duka zuciyarki ba ta sauya ba, to son naki na gaske ne.

Tsoron Ya Kaka kuma kada ku raina shi. Gidan na Kiristoci ne, don addininsu suka gina shi. Abarshi ya tambaye su a fili: dole ne ku shiga ibadarsu? Wane karatu za a yi wa Hawa? Ke za a bar ki ki zauna a aji in kina so? Mutanen kirki ba za su ji haushin tambaya ba. Amsar da suka bayar ku kai wa malamin da tsohuwar ta amince da shi, ya duba. Ya kuma nemi izinin hukumar lakwal, don ya tarar da aikinsa in ya dawo. Ni da za ku ji tawa, ku nemi shekara guda tukuna.

Sa'an nan ki shiga ɗakin surukarki da kanki, kada ta ji a bakin wani. Ki ce mata ranar da ta riƙe hannunki kunya ce ta hana ki magana. Za ta yi kuka, mai yiwuwa ta yi fushi, ki daure. Amma riƙon ɗa ba aikin suruka ba ne. Abarshi ne zai durƙusa gaban uwarsa ya nemi yardarta, ya faɗa mata watan dawowa, ya tsayar da wanda zai zauna da ita da wanda zai kula da lambu. Bai kamata ya ɓuya a bayanki ba, ita ma haka.

In ta sa albarka, ku tafi da zuciya ɗaya, ki buɗe ido ki gani, ki roƙa wa mahaifinta gafara a masallacin nan. In ta ƙi duk da haka, ku roƙi mutanen su ɗaga muku zuwa baɗi, ku ci gaba da lallashi. Tafiyar da aka bar uwa tana hawaye ba za ki ji daɗinta ba, ko da garin ya fi yadda kike gani kyau. Ko wanne ya kasance, mijinki zai san wace ce matarsa, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce.

Allah ya zaɓa muku mafi alheri, ya sanyaya zuciyar Ya Kaka, ya raya Hawa. Ki gaishe da mutanen Gure.

Inna Zuwaira