Sa Hannun Afuwar Baba

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan naki da ban taɓa gani ba. Albishirinki: gwamna zai yi afuwa, kuma sunana ya fito cikin tsofaffin da suka ci rabin wa'adinsu. Shekara tara ke nan ina ɗinkin kayan fursuna, tun da na fasa wa maƙwabcinmu kai a faɗan iyakar gona.

Saura abu ɗaya. Jami'in walwala ya ce ba sa sakin tsoho a titi, sai wani na jini ya zo ya sa hannu, ya rubuta gidan da zan zauna, kafin ƙarshen wata. In ba haka ba a ba wani gurbin. Na ce masa ai 'yata malamar asibiti ce. Na faɗa da ƙarfi, har 'yan ɗakinmu suna ta yi min tsiya.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Sau uku ina yaga takardar nan. Lokacin aurena na ce wa dangin mijina ka rasu. Kawu ne ya yi waliyyi, ya kama bakinsa. Surukata duk ranar da ta tuna sai ta sa ka a addu'a, ni kuma in ce amin. Wasiƙunka ma a wurin aiki nake karɓarsu, in ɓoye cikin akwatin auduga.

Idan na rubuta gidan nan, sai na ta da kai daga kabarin da na haƙa da bakina. Kunya ta hana ni ko neman gafararka.

'Yarka.

'Yata,

Na gode da gaskiya. Ni na fara jawo miki abin kunya, ke kin rufe ne kawai. Na gaya wa jami'in kin yi nisa. Shekara shida ce ta rage, kuma na saba da keken ɗinkin. Kada ki zo. Ki gaishe min da surukar taki, addu'arta tana isowa.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Na gaya wa maigidana gaskiya. Jiya ya kwashe tarkacen ɗakin ƙofar gida ya share, ya ce Litinin tare za mu zo. Ya tambaye ni lamba nawa kake sawa a takalmi, ni kuwa ban sani ba. Ka aiko min.

'Yarka.