Ni na kawo dodon koɗin, Goggo aka kira mayya

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don duk abin da za ku faɗa min na riga na faɗa wa kaina.

A Gaya nake aure. Maigidana mutum ne mai son ƙawa, shi ya sayo wani akwatin gilas na kifi daga Kano ya girke a falo, da 'yan kifaye jajaye da inji mai kumfa. Ranar da ya kawo shi ya kafa min doka, ban da abincinsu ko tsinke kada in saka a ruwan. Ana nan tafiyar sarin kaya ta kama shi, daidai lokacin da ƙawata ta haihu a Kademi. Ba ya shiri da mijinta, don haka da na nemi izinin zuwa suna sai ya ce in na taka Kademi, a bakin aurena. Yana tafiya na saci jiki na je. A hanyar dawowa na hango kainuwa kore shar a wani kududdufi, raina ya biya, na ce kifayen nan ai sun gaji da ciyawar roba. Na tsinko na zuba musu. Na ga wani abu kamar majina manne a ƙasan ganyen, ban kawo komai a raina ba. Kafin ya dawo na kwashe kainuwar na watsa a masai na share bakina.

Ba a jima ba sai ga 'yan mitsi-mitsin dodon koɗi suna bin gilas. Ya tsince su, washegari wasu suka fito. Ya canja ruwa kaf, suka dawo ninki. A daidai lokacin ƙafarsa ta kumbura har ya daina fita shago. Hajiya, uwarsa, ta zo dubiya, ta tsaya gaban akwatin tana salati, ta ce ta yaya dodon koɗi zai shiga abu a rufe, a falo mai siminti, in ba turo shi aka yi ba? Ta kawo wani mai magani, shi kuma ya ce jifa ne, kuma wanda ya yi sai da ya tsoma hannu a ruwan. Hajiya ta juyo ta tsare ni da ido ta ce, "Ke da kike zaune a gidan, wa kika gani ya taɓa ruwan nan?" In na ce ganye, za a ce daga ina. In na ce Kademi, shi kenan. Sai na ji bakina ya ce, "Goggo ce kawai na ga ta saka yatsa."

Goggo ƙanwar mahaifin maigidana ce, a Gafasa take zaune, ba ta taɓa haihuwa ba, daddawa take sayarwa. Takan biyo ta gidanmu in ta shigo Gaya, ta zauna gaban kifayen tana tsokanarsu wai 'yan gayu masu cin abincin gwangwani. Gaskiya ne ta tsoma yatsa, don ta ji ko suna cizo. Ban yi ƙarya ba, amma wallahi na san abin da nake yi. Dama can ita da Hajiya ba sa ga maciji, kafin la'asar magana ta gama dangi.

Daga baya na bugi cikin ƙanwata da ke makarantar koyon aikin lafiya, ta ce ai wannan abu mai kama da majina ƙwan dodon koɗi ne, ganye yake biyowa, kuma ɗaya ya isa ya cika akwati. Tun ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba. An kai akwatin bayan gari an farfasa. Ƙafar maigida ta saɓe da maganin asibiti, amma kowa cewa yake don an fasa jifa ne. To wa zai saurare ni yanzu?

A Gafasa kuwa daga mai jifa an koma kiranta mayya. An daina sayen daddawarta. In ta doso, iyaye mata su janye 'ya'yansu cikin gida. Biki ko suna ba a aika mata goro. Maigidana, wanda ta goya a bayanta yana jariri, ya ce ko a hanya suka haɗu kada ta gaishe shi. Sau ɗaya na gwada, na ce, "Abban yara, anya dodon koɗi ba ya biyo ganye kuwa?" Ya ɗago ya ce, "Wane ganye?" Na ce babu, tunani ne kawai. Ni matsoraciya ce, na sani. In na faɗa, aurena ya mutu tun ranar da na taka Kademi, to zaman me nake yi a gidan nan duk watannin nan? Yarana fa? Da wane ido zan kalli iyayena? In kuma na yi shiru, da wane baki zan amsa gobe ƙiyama? Ina sallah ina kuka, amma na san tuba ba ta karɓuwa alhali haƙƙin baiwar Allah yana wuyana.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, shekaranjiya wata maƙwabciyarta ta kira ni a waya ta ce Goggo na kwance ba lafiya, ba mai leƙa ta sai ita, kuma tana son magana da ni. Ta miƙa wa Goggo wayar, muryarta da kyar take fita. Ba ta san ni na ambaci sunanta ba. Ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "'Yar nan, duk cikin dangi ke kaɗai ce ba ki taɓa min kallon banza ba. Matan nan tsoron jikina suke yi. In ta Allah ta kasance, ki roƙar min mijinki ya bar ki ki zo ki yi min wanka."

Na ce mata to, Goggo. Jama'a, me zan yi?