Tagiyar Da Na Ba Tasi'u

Zuwa ga Hajjo, ɗiyar Malam Mu'azu na Dandin Mahe, matata, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gona, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta take!

Sallama irin ta mai laifi. Yau kwana arba'in da ɗaya da kika ɗaure kayanki kika bar ɗakinki a Bodinga, amma har yanzu in na shigo gida sai in ji motsin awarwaronki a bayan labule. In ɗaga, ba kowa. Ƙamshin turarenki bai bar matashin kai ba, ni kuwa na kasa wanke shi.

Kin tuna yammacin da kika ba ni tagiyar nan, a gindin dogon yaron da ke kwanar garinku? Wata huɗu kina ɗinkinta, allura ta cinye miki yatsa, kina ɓoye ta cikin kwalla don kar in gani. Kika ɗora mini ita da hannunki, kika ɗan karkata ta, kika yi dariya wai kaina kamar albasar Mandera. Wayyo ni! Wace irin wauta ce ta sa na ba Tasi'u ita?

Ga yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Kamfanin da nake ja wa motar albasa zuwa Legas ya kawo mana wata hula mai na'ura. Ba yanka, ba allura, wasu 'yan ƙarafa ne a cikinta suke taɓa goshi suna sauraren ƙwaƙwalwa. Da zarar direba ya fara gyangyaɗi, ko hankalinsa ya bar titi, sai ta yi ƙara, ta kai rahoto ofis. Aka ce dole ta zauna a kan fata, ba a ɗora ta kan wata. Na cire taki na ajiye a gaban mota. Abokina Tasi'u ya gani ya yaba, kin san halinmu idan an yaba abu, bakina ya riga hankalina na ce ya ɗauka. Sai ga shi kin gan ta a kansa ranar kasuwa, a gaban ƙawayenki.

To, ji abin da ya hana ni sukuni. Hular kamfanin nan shiru take a Jega, shiru a Kontagora, shiru har Legas. Amma duk na iso kwanar Dandin Mahe, ido biyu, da rana tsaka, sai ta kama kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. Sau goma sha ɗaya, Hajjo! Wata ma'aikaciya a ofis ta nuna mini zanen a kwamfuta, layi yana tafe lafiya lau, ya zo wuri ɗaya ya yi tsalle. Ta tambaye ni me ke wurin, na ce bishiya ce kawai. Ƙarya na yi mata. Ke nake gani tsaye da shuɗin mayafinki, hannu a miƙe, in waiwaya ta madubi babu kowa sai inuwar itace.

Ashe abin da na ɓoye wa Innata, na ɓoye wa abokai, ina cika baki wai za ki gaji ki dawo, ƙarfe zai karanta shi a goshina? Tsoro nake ji, wallahi. Na'ura ta san inda hankalina yake, ke da kika tafi da shi kin ƙi ɗaga wayata.

Jiya na je wurin Tasi'u, na ajiye girmana na roƙi kyautar da na yi ta dawo, abin da namiji ba ya yi. Ga ta nan a ƙunshe tare da wannan takarda. Ban sa ta ba, ba ni da wannan iko. Ranar Alhamis bayan la'asar zan tsayar da mota a kwanar nan, in cire hular kamfani, in tako har ƙofar gidan Baba Malam Mu'azu kai ba hula, dattawan unguwa su gan ni, mai dariya ya yi. Haka zan shiga kasuwa, haka zan je Juma'a, har sai hannun da ya ɗinka ta ya mayar da ita mazauninta. Ki fito, don Allah, rana tana dukana.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe wannan kai da likkafani,

Mainasara