Ƙafa ta Uku Tana Jira

Auta,

Na fita aiki kina barci, ban tashe ki ba.

Jiya na yi ta jiran ki mu haɗa firintar nan taki mai ƙafa uku, wadda ke ƙera kaya da roba, shiru. Sandunan ƙafafun sun ƙi shiga ramukan robar gindinta, sai na ɗauko samfefa. Ƙafar farko ta zauna daram. Ta biyu kuwa, kunnena yana bakin ƙofa, na zarce da gugar har ramin ya buɗe, yanzu sandar rawa take yi. Ki yi haƙuri.

Ta ukun kada ki danna da ƙarfi, robar za ta tsage. Ki bari na dawo. Da na so, da tuni na gama ta. Na gaji da yin komai ni kaɗai a falon nan.

Babanki