Na ɓoye makullin motar maigidana saboda wani ɗan fil

Anti, ki taimake ni da shawara.

Maigidana haƙa rijiyoyi yake yi, kullum yana cikin daji da wata tsohuwar jif da yake ji da ita kamar ɗiyar fari. Ba ya yarda bakanike ya taɓa ta. Kwanan nan tayar gaba ta fara kuka, ya ɗaga ta a jak a tsakar gida, ya ce zai canza boris ɗin da tayar ke juyawa a kai da fatar birki. Da ya rasa inda zai jera kayan, sai ya ɗauki babban farantina, wanda mahaifiyata ta bar mini, ya shimfiɗa notuna a kai duk giris.

Sai da ya tafi sayo man birki na gani. Raina ya ɓaci, na juye kayan a ƙasa na wanke abina. Da zuciyata ta sauka na tsince su na zuba a kwali. Ya dawo ya yi mita, ya haɗa motarsa, har ya zagaya unguwa da ita yana washe baki.

Washegari ina shara na tsinci wani ɗan fil mai ƙafa biyu a bakin magudana. Na nuna wa wani bakanike maƙwabcin yayata, ya ce shi ke riƙe notin taya, in babu shi notin kan kwance a hanya mai gargada, tayar ta fice. Ga shi maigidan zai kai ma'aikatansa wani aiki ta hanyar duwatsu.

Maimakon in faɗa masa, sai na ɓoye makullin motar a cikin garwar shinkafa. Ya birkita gidan da nema, ya ɗora wa yara laifi, babbar cikinsu ta kwana tana kuka. Ni kuwa ina taya shi nema. Yanzu ya ce gobe zai kira mai yanka makulli. Kunya ta ishe ni, ban san ta inda zan fara ba.

Mai farantin gado

Ƙanwata, ki faɗa masa yau, kafin mai yanka makulli ya riga ki.

Ban ga laifinki ba don kin ji haushi. Kayan uwa ba mazubin giris ba ne, kuma wanda ya kwance taya shi ke da alhakin duba kowane ƙarfe kafin ya mayar. Mai yiwuwa ma ya lura ya sa wani fil ɗin. Amma ke ba ki sani ba, kuma ba a ɗora rayukan mutane a kan wataƙila.

Inda kika kuskure shi ne shirun da ya sa yarinya kuka a kan abin da ba ta yi ba. Ita za ki fara ba haƙuri, a gaban ƙannenta.

Sannan ki ɗauko farantin nan, ki ɗora fil da makulli a kai, ki ajiye a gabansa ki faɗi komai ba kwana-kwana. Ki roƙe shi ya sake buɗe tayar, ya kuma bar ƙwararre ya duba birkin kafin ya ɗauki kowa. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. Faɗan miji mai rai abu ne da ake jurewa.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo miki da shi da tayoyinsa huɗu.